Tambayoyinku: Labradorait, Dutsen da Ke Ɓoye Wutarsa

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Tun da muka taɓo zancen duwatsun ado saƙonni suke ta shigowa, kuma kusan rabinsu a kan dutse ɗaya ne, wato labradorait, wannan mai ruwan toka da in ka juya shi sai shuɗi ko kore ya tashi a cikinsa. Da alama ya fara yawa a hannun 'yan kasuwarmu masu sayar da kaya a intanet shi ya sa. Na tsamo guda shida a ciki, waɗanda ba su ga nasu ba su yi haƙuri don da yawa tambayar ɗaya ce baki ne kawai ya bambanta.

Tambaya daga wata mai sana'ar kayan ado a Kano: Malam barka da ƙoƙari. Ni sarƙa da 'yan kunne da zobba nake sayarwa a Instagram da WhatsApp. Na yi odar duwatsun labradorait daga Indiya saboda a bidiyon da aka turo min shuɗi ne shar yana ta walƙiya, da kaya suka iso na buɗe sai na ga wasu duwatsu ruwan toka duk sun dushe, wasu ma har da tsaga a jiki. Wallahi jikina ya yi sanyi. Damfara ta aka yi ko kuwa?

Hajiya kwantar da hankalinki tukuna, kar ki yi saurin ja wa mutumin Allah ya isa. Ɗauko guda ɗaya ki goge shi da tsumma mai laushi, ki je bakin taga ki ba wa hasken baya yadda zai zo ta saman kafaɗarki ya sauka a kan dutsen, in dare ne tocilar waya ma ta isa, sai ki riƙa juya shi a hankali a hankali kar ki yi gaggawa. In na gaske ne akwai wata kusurwa da za ki kai kawai ki ga fuskar dutsen ta kama da wuta, shuɗi ko kore ko ruwan gwal, kina ƙara karkata shi kaɗan kuma wutar ta ɗauke ya koma tokarsa. To wannan zuwa da ɗaukewar ita ce labradorait, ba aibu ba ne, halinsa ke nan. Mai bidiyon ya san kusurwar ne ya tsayar da kamera a kanta, wataƙila ma ya ɗan ƙara filta, amma dutsen da kika gani da wanda ke hannunki za su iya zama ɗaya.

Abin da nake so ki riƙe, kuma shi ne zai amsa kusan duk sauran tambayoyin yau, shi ne launin nan ba a jikin dutsen yake ba. Babu shuni a ciki, babu rini, in kika daka shi a turmi farin gari mai toka-toka za ki samu babu ko ɗigon shuɗi. Launin aikin haske ne. Labradorait ɗan gidan feldsfa ne, dangin ma'adinan da suka fi kowanne yawa a ɓawon ƙasa, shi kuma a ɓangaren masu haɗin sodiyam da kalsiyam yake, inda ɓangaren kalsiyam ke kai kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari. Asalinsa narkakken dutse ne a can ƙarƙashin ƙasa da ya huce sannu a hankali, ba sanyin kwana ko shekara ba, sanyi na dogon zamani. Yana cikin hucewa sai haɗin nan ya rabu gida biyu, wani sashe kalsiyam ya ɗan fi yawa wani sodiyam ya ɗan fi yawa, suka jeru shimfiɗa a kan shimfiɗa siri-siri bila adadin. Sirantarsu ta wuce tunani, masana sun auna tazarar tana tsakanin nanomita 128 zuwa 252, shi kuma nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. In haske ya shiga sai kowace shimfiɗa ta dawo da kaɗan daga cikinsa, waɗannan hasken da suka dawo sai su haɗu, wasu launuka su ƙarfafi juna wasu su kashe juna, wanda ya tsira shi ne ke zuwa idonki. Kin taɓa lura da baƙin mai in ya zuba a kan ruwa a garejin kanikawa bayan an yi ruwan sama, yadda yake fitar da bakan gizo alhali shi man baƙi ne? Hanya ɗaya ce. Inda shimfiɗun suka fi siranta shuɗi ake gani, inda suka ɗan ƙara kauri sai ya tafi kore, ruwan ɗorawa, ruwan lemo har zuwa ja. Wani masanin ma'adinai ɗan ƙasar Denmak mai suna Bøggild shi ya yi fitaccen nazari a kan wannan walƙiya a 1924, har yau da sunansa masana ke kiran irin wannan rabuwar shimfiɗun.

Kuma ba kowane labradorait ne ke da walƙiyar ba fa, sai wanda haɗinsa ya faɗo daidai kuma ya samu sanyin da ya isa. Akwai shi jibge a cikin baƙaƙen duwatsu a faɗin duniya babu mai ko kallonsa.

Sunan ya samo shi ne daga yankin Labrado a arewa maso gabashin Kanada, inda 'yan mishan na cocin Morabiya suka ci karo da shi a 1770 a tsibirin Paul kusa da inda garin Nain yake, daga nan aka kai shi Turai mutane suka ruɗe a kansa. Amma mutanen Inuit da ke zaune a wurin sun san abinsu tun kafin zuwan baƙi. Duwatsun wannan yanki sun kai kimanin shekara biliyan 1.3, kuma a 1975 lardin Kanada da yankin Labrado yake ciki ya ayyana labradorait a matsayin ma'adinin da ke wakiltarsa.

Yanzu mu dawo kan kasuwarki. Tunda shimfiɗun nan duk fuska ɗaya suke kallo, aikin mai yanka shi ne ya nemo fuskar ya yanka daidai da ita, shi ya sa aka fi yin sa ƙasa a shafe sama da ɗan tozo sumul. In mai yankan ya kuskure ko yana sauri don ya fitar da yawa, sai walƙiyar ta koma gefe, ki sa a wuya ba a ganin komai sai kin ɗaga shi kin karkata. A nan ne ake cutar 'yan kasuwa, ba a jabu ba. Ki zauna ki ware kayan kashi uku, masu kamawa da wuta fuska duka in an kalle su gaba da gaba, masu kamawa rabi, da makafi waɗanda ko ya kika juya su shiru. In makafin sun yi yawa kina da haƙƙin yi wa wanda ya turo magana da hujja. Ƙwayoyin carbi da na abin wuya masu zagaye kuma kar ki sa ran su yi walƙiya ko'ina, ta gefe biyu kawai suke yi. Tsagar da kika gani ma yawanci halitta ce, sai dai ki sa farce ki ji, wadda farce ke maƙalewa a ciki ta fito waje ke nan kuma nan dutsen zai fashe wata rana. Sannan don Allah in za ki yi naki tallan ki nuna wa kwastoma fuska biyun a bidiyo ɗaya, tokar da wutar, kar abin da ya sanyaya miki jiki ya sanyaya nata.

Tambaya daga wani Alhaji a Maraɗi: Na sayo zoben azurfa a Madina lokacin Umara, dutsen fari ne garai-garai yana ba da shuɗi in ya motsa. Mai shagon ya ce dutsen wata ne mai bakan gizo, ɗana kuma ya duba ya ce labradorait ne, wani abokina ya ce gilas ne kawai. Wa ke da gaskiya?

Alhaji Allah ya karɓi ibada. Mai shago da ɗanka za su iya zama duk suna kan gaskiya, don abin da 'yan kasuwa ke kira dutsen wata mai bakan gizo a wajen masana farin labradorait ne, ana samo shi a Indiya da Madagaska. Dutsen wata na asali ɗan'uwansa ne a gidan feldsfa amma shi na ɓangaren fotasiyam ne, an fi sanin na Siri Lanka, kuma haskensa laushi gare shi, fari-fari ko shuɗi-shuɗi yana yawo a cikin dutsen in ka motsa shi. Na labradorait ya fi kaifi, yana zuwa faci-faci, wani lokaci da kore ko ruwan gwal a gefe.

Maganar abokinka ita ce abin dubawa, don akwai wani gilas da ake kira ofalait da ya cika shaguna, ana sayar wa mahajjata da masu yawon buɗe ido shi da sunan dutsen wata. Gane shi ba wuya. Ka ɗora zoben a kan baƙin ƙyalle, gilas ɗin zai ba da shuɗi mai madara-madara ko'ina daidai wa daida ta kowace kusurwa, ba ya zuwa ba ya tafiya. Ka ɗaga shi ka hango fitila ta cikinsa, sai ka ga ya koma ruwan lemo. In kana da gilashin ƙara girma ka duba ciki, ƙananan kumfa masu zagaye alamar gilas ce, dutsen ƙasa ba ya yin su haka. Shi na gaske za ka ga 'yan tsage-tsage a ciki da layi-layi, wani lokaci da baƙaƙen ɗigo ko 'yan siraran allurai na ma'adinan ƙarfe da suka maƙale tun yana hucewa. Mutanenmu suna ganin dutse mai tsabta tas shi ne orijinal, a wannan dutsen kam tsabtar da ta yi yawa ita ce abin zargi musamman in kuɗin bai taka kara ya karya ba.

Abu ɗaya nake roƙo, kar a gwada shi da wuƙa ko a goga shi a siminti ko a kara masa ashana kamar yadda wasu ke yi. Ko na gaske ne za ka lalata shi, kuma ba abin da gwajin zai gaya maka da ido bai riga ya gaya maka ba.

Tambaya daga wani matashi mai haƙar ma'adinai a jihar Nasarawa: Oga muna cikin rami muka fasa wani dutse fari-fari mai ƙyalli, wani ya ce labradorait ne wai Turawa na saye da dala. Mun tara buhu biyu. Nawa ne kilo kuma ina ake kai shi?

Ƙanena sannu da aiki, na san wahalar da ke cikin buhu biyun nan shi ya sa ba zan ɓoye maka komai ba. Da farko ƙyalli daban walƙiyar labradorait daban. A irin ramukan da ake neman duwatsun ado irin su tomalin da akwamarin, fararen duwatsun da ake fasawa yawanci feldsfa ne na gama-gari da kwaz, wato dutsen nan mai tauri mai kama da gilas, da maika. Maika ita ce mai ƙyallin azurfa da ke ɓarewa falle-falle in ka sa farce. Feldsfa kuma in ya fashe yana ba da fuska a shafe mai sheƙi in rana ta doke ta, amma farin sheƙi ne a saman dutse. Ka jiƙa naka da ruwa ka juya shi a rana, in ba ka ga launi na fitowa daga ciki ba, shuɗi ko kore sosai wanda ba sai an yi gardama ba, to ba shi ba ne. Shi labradorait ma ba a irin wannan farin dutsen ya saba zama ba, gidansa duwatsu masu duhu ne.

Na biyu, ko da shi ne, ba dutsen da ke mayar da mutum miloniya dare ɗaya ba ne. Ba a ajinsu daiman da yakutu da zumurrudu yake ba. Ɗanyensa da kilo ake sayarwa ba da karat ba, wato ɗan ƙaramin ma'aunin nauyin duwatsu masu daraja, saboda kudancin Madagaska na fitar da shi tan-tan, a loda a kwantena a kai Indiya da Sin, a birnin Jaifur na Indiya da makamantansa a yanka a goge a watsa duniya. Yawancin wanda ake gani a kasuwa yau daga can yake. Kuɗin yana wajen mai yanka da mai haɗa shi da azurfa da mai shago, mai haƙa shi ne ke samun mafi ƙaranci, kuma wannan abu yana damuna ƙwarai ba a labradorait kaɗai ba.

Ɗaya daga cikin masu tsadarsu shi ne na ƙasar Finlan da ake kira sifektirolait. A 1940 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ana fasa duwatsu a Ylämaa kusa da iyakar Rasha don gina shingen tare tankokin yaƙi, sai Pekka Laitakari, ɗan wani masanin duwatsu Aarne Laitakari, ya lura da shi. Jikinsa baƙi ne shi ya sa launukan ke fita da ƙarfi, kuma yana ba da kusan duka launin bakan gizo har da ja da shunayya waɗanda ke da wuyar samu. Akwai kuma na jihar Oregon a Amurka, garai-garai da ƙwayoyin jan ƙarfe a ciki, suna kiransa dutsen rana, shi kam ana yanka shi da fuskoki irin na daiman kuma da karat ake sayar da mai kyansa.

Najeriya da wasu duwatsun aka san ta a kasuwar duniya, safaya ta Mambila, tomalin na Oyo da Nasarawa, akwamarin da tofas na yankin Jos, zumurrudu na wajen Gwantu a Kaduna. Shawarata kar ka ɗauki buhu biyu ka hau mota, ɗauki guntaye uku ko huɗu ka kai sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Jos ko ABU Zariya, ko ofishin Hukumar Binciken Ma'adinai ta Ƙasa, su duba maka. In ma feldsfa ne zalla ba asara ba ce gaba ɗaya, masu yin tayil da gilas da kayan tangaran suna amfani da shi, sai dai da tifa suke saye ba da buhu ba. Kuma ku riƙa jiƙa dutse kafin fasawa kuna rufe hanci, ƙurar kwaz tana cin huhu a hankali ba ta warkewa.

Tambaya daga wata ɗaliba a Zariya: Malam na ga ana ta yaɗawa a TikTok wai labradorait yana kare mutum daga kambun baka da mugun ido, yana yaye damuwa, wai har ana jiƙa shi a ruwa a sha. Ni ina fama da rashin barci da yawan tunani. In saya?

'Yata, Allah ya ba ki lafiya ya yaye miki. Amsata a taƙaice, in don ado ne saya, in don magani ne kar ki ɓata kuɗinki. Dutsen nan sodiyam ne da kalsiyam da alminiyam da silikon da iskar oksijin, ba ya fitar da wani ƙarfi, ba ya zuƙe komai daga jikin mutum, walƙiyarsa ma kin ji yadda take, hasken waje ne yake dawo da shi, in kika kashe fitila shi da tsakuwar ƙofar gida ɗaya suke. Wannan zance na duwatsun waraka kasuwa ce babba a Amurka da Turai, daga can ya biyo waya ya shigo mana, sai aka canza masa riga aka sa kambun baka don ya shiga kunnenmu. An ma gwada abin. A 2001 wani masanin halayyar ɗan Adam a Landan, Christopher French, ya raba wa mutum 80 duwatsu, wasu na gaske wasu gilas ba tare da sun sani ba, sai ga shi masu riƙe da gilas suna ba da labarin jin ɗumi a hannu daidai da masu riƙe da na gaske, musamman waɗanda aka riga aka gaya wa abin da za su ji. Zuciya ce ke aikin ba dutse ba.

Masu tallan suna yawan kawo labarin mutanen Inuit, cewa hasken nan mai launi-launi da ke bayyana a samaniyar arewacin duniya da dare wai a cikin duwatsun gaɓar teku yake a kulle, sai wani jarumi ya soke su da mashi ya saki hasken ya tashi sama, ragowar da bai fita ba shi ne labradorait. Labari ne mai daɗi kuma duk wanda ya ga dutsen zai gane dalilin da ya sa aka ba da shi, amma tatsuniya ce ta mutane game da ƙasarsu, ba takardar likita ba.

Ta fuskar addini kuwa sa zobe mai dutse ba laifi ba ne, ya zo a Sahihu Muslim daga Anas ɗan Malik cewa zoben Manzon Allah (SAW) na azurfa ne dutsensa kuma na Habasha. Inda matsalar take shi ne mutum ya rataya zuciyarsa a kan dutse yana ganin shi ke tsare shi, wannan kam ki tambayi malaman da kika yarda da su za su yi miki bayani fiye da ni. Batun jiƙawa a sha kuma a'a, dutsen da aka goge da sinadarai, wasu an cike tsagarsu da gam ko mai don su yi sheƙi, ba abin sawa a ruwan sha ba ne. Abin da ya fi tsaya min a rai a saƙonki shi ne rashin barcin da tunanin. Kar ki raina shi kuma kar ki ji kunya, ki je asibitin makaranta ki ga likita ki faɗa masa kamar yadda kika faɗa min, ki kuma samu wani babba a gida da za ki buɗe wa ciki. Ana samun sauƙi in sha Allahu.

Tambaya daga wani magidanci mai gini a Abuja: Mai sayar da mabul ya nuna min wani baƙin dutse na saman kantar kicin mai ɗigo-ɗigon shuɗi kamar idanu, ya ce giranait ne na waje. Shi ma labradorait ne? Zai jure aikin kicin?

Yallaɓai ya danganta da wanne aka nuna maka, don 'yan kasuwar gini duk dutse mai tauri giranait suke ce masa. In sunansa Volga Blue to labradorait ne daga yankin Zhitomir na Yukren, baƙi da manyan idanu shuɗɗa, irin dutsen yankin ne aka sa a kabarin Lenin, jagoran Tarayyar Sobiyet na farko, da ke tsakiyar Mosko babban birnin Rasha, kabarin da aka gama ginin dutsensa a 1930. In Blue Eyes ne daga Ten Mile Bay yake kusa da Nain ɗin nan da muka ambata, inda kamfanin mutanen Inuit ya riƙa yanko manyan curi ana kaiwa Italiya. Akwai na Madagaska mai suna Lemurian Blue. In kuwa Blue Pearl ne ko Emerald Pearl, waɗanda suka fi yawa a gaban bankuna da otal-otal, to labikait ne daga garin Larvik na ƙasar Nowe, feldsfa ne shi ma mai walƙiyar azurfa da shuɗi amma ba labradorait ba ne a wajen masana.

Duk cikinsu suna jure kicin fiye da mabul nesa ba kusa ba, lemon tsami da tumatir da ke cin fuskar mabul ba sa yi musu wannan ɓarnar, sai dai a nisanta su da ruwan asid na wanke banɗaki, kuma kar a daka ko a sara kashi a bakin kantar don gefen na iya ɓallewa. Ka je da kanka ka zaɓi fallen da za a yanka maka, ka sa a kwantar da shi yadda zai zauna a kicin ka tsaya inda mai girki za ta tsaya ka duba, don falle na iya cika da idanu yana jingine a shago a kwantar da shi kuma su ɓace. Sannan ka sa fitila a ƙarƙashin kabad ɗin sama tana haska shi, in ba haka ba ka biya kuɗin shuɗi ka zauna da baƙi.

Tambaya daga wata amarya a Kumasi: An sa min zobe da 'yan kunne na labradorait a lefe. 'Yan kunnen suna nan ƙal amma zoben ya fara dushewa wata shida kacal. Me na yi masa?

Amarya Allah ya ba da zaman lafiya. Ba wani abu kika yi ba illa sawa kullum. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, wanda daiman ke kan 10, labradorait yana 6 zuwa 6.5, shi kuma kwaz yana 7, kuma ƙurar da ke sauka a kan kayanmu musamman ta hunturu cike take da ƙananan ƙwayoyin kwaz. Duk sanda kika goge zoben a busashe da gefen mayafi kina karce shi ne kaɗan-kaɗan, ga wanke-wanke ga soson ƙarfe ga buguwa da tukunya, 'yan kunne kuwa ba abin da ke taɓa su. In fuskar ta karce haske ba ya shiga da kyau sai walƙiyar ta yi rauni, amma tana nan a ciki ba ta ƙarewa ba ta kuma koɗewa a rana, mai gyaran duwatsu zai iya sake goge miki shi ya dawo sabo.

Daga yanzu ki cire shi in za ki yi girki ko wanki ko shara, ki shafa mai da humra da turare su bushe kafin ki sa, don maiƙo na shiga tsagar ya dusashe shi. Wankinsa ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu mara ƙarfi da tsohon burushi mai laushi, ki ɗauraye tukuna sannan ki goge, ban da bilic ban da tafasasshen ruwa, kuma in kin kai gwal ɗinki wanki kar ki bari a jefa shi cikin injin nan mai girgiza ruwa. Yana da hanyoyi biyu da yake tsagewa a jikinsa, bugu ɗaya a kan tayil zai iya raba shi, don haka in maƙerin ya riƙe dutsen da 'yan ƙafafu ne kawai ki sa a mayar da shi cikin azurfar da ta zagaye bakinsa duka. Ki ajiye shi a 'yar jakarsa shi kaɗai kar ya gogu da sauran kayan akwatin.